Ba Kowace Tawada Ake Sha Ba

Zuwa ga Alhaji, shugaban kamfanin da ke rarraba tawadar inji da kayan wanki zuwa kasuwannin Sabon Birni da Isa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ya kasuwa, ya haƙuri da hanya. Allah shi ƙara buɗi, shi tsare dukiya.

Ban sa sunanka ba, ban sa sunan kamfani ba, kuma kar ka ɗauka tsoro ne. Gyara nike nema, tozarci ba shi cikin niyyata. Kai ka san kanka, direbobinka sun san shagona, wannan ya isa.

Sunana Lawali, ana ce mani Lawali Mai-Kwafi, shagona na kusa da tasha a Sabon Birni. Karatuna sakandare ne, nan na tsaya, ba ni kuma jin kunyar faɗi. Da tsohuwar tafireta na fara, bisa teburi ƙarƙashin dogon yaro, ina buga wa mutane takardun koke da na neman aiki. Ko ƙusa ban gada ba, babu kuma wanda ya ɗora ni. Yau ina da injin kwafi da firinta da sola bisa rufi, komi da zufata. Tun ranar da na sayi firinta ta farko wurinka nike sayen tawada, a jarka, ban taɓa canza dillali ba. Na faɗi wanga ne don ka san mai maganar abokin cinikinka ne.

Kafin in rubuto na buga waya shagonka na Sakkwato. Wanda ya ɗauka ya saurare ni rabi, ya ce ai gargaɗi an rubuta a jiki, wanda bai karanta ba shi ya so. Na aika saƙo ta hannun direbanka, shiru har yau. To tunda a jiki aka ce an rubuta, bari mu dubi jikin tare, mutane na saurare.

Na ɗaya. Me ake nufi da tawada a ƙasarmu.

Alhaji, kai Bahaushe ne, ka san amsa, amma ina ganin zaman cikin kwalaye ya sa ka manta. A nan tawada abin sha ce. Tun muna yara mun ga ana niƙa gawayi a dama da ƙaro, a zuba a kurtu, malam shi rubuta aya bisa allo, a wanke a ƙoƙo a ba mai ciwo ko mai naƙuda ko mai shirin tafiya. Idan malam ya yi kure cikin rubutu, da yatsa shike gogewa, shi lashe yatsar, don ba a goge sunan Allah a jikin riga. In bakin alƙalami ya bushe, a harshe ake jiƙa shi. Ni kaina na sha rubutu ranar da za ni jarrabawar fita firamare, na san kai ma an ba ka. Duk wanda ya tashi a Gobir in ka ce mishi tawada, ba shi taɓa kawo cuta a ranshi.

Sai ga halin da muke ciki. Matan da ke shiga daji ɗibar ƙaro sun daina shiga, kowa ya san dalili, ba sai na buɗe ba. Ƙaro ya yi wuya, tawadar gida ta yi wuya. Ana cikin haka ƙananan kwalabe sunka fara bayyana a teburan kasuwa, gefen masu tasbaha da turare da alƙaluman gamba. Baƙa wuluk, mai sheƙi, ba ta tsami, ba ta buƙatar damawa. Yaranka ne ke ɗura ta daga jarka, irin jarkar da nike saye don firinta. A jikin kowace kwalba akwai 'yar takarda mai tambarin kamfaninka da kalma guda da manyan baƙaƙe: TAWADA.

Nan ne kukana shike. Jarkar da ke shagona tana ɗauke da gargaɗi, da Turanci da Faransanci, da rubutu ƙanana awa ƙwan kwarkwata. Na sa tabarau na karanta: kar a haɗiye, kar a bari ta shiga ido, a nisanta ta da yara. Wanga gargaɗi ya tsaya can jikin jarka. Abin da ya iso kasuwarmu kalmar Hausa guda ce, wadda ke sa a saya. Kun tuna da Hausa wurin saidawa, wurin gargaɗi sai kunka koma Turanci.

Na biyu. Abin da ya samu Malam Ummaru.

Malam Ummaru mutumin Gangara ne, dattijo, ya girme ni nesa. Ya taso da iyalinshi zuwa Sabon Birni lokacin da zama ƙauye ya gagara. Ranar da na fara ganinshi ya zo ne in yi mishi kwafin wata tsohuwar takardar ajami da ruwa ya taɓa. Ya tsaya shina kallon injin har takarda ta fito, ya jujjuya ta, ya ce to Lawali, kai da mu sana'a guda, sai dai kai aljaninka ya fi namu sauri. Daga ranar ya mai da bencin ƙofar shagona wurin zamanshi. In an yi la'asar shi zo da buzunshi da allo da kurtu, shi shimfiɗa bisa bencin, shina rubutu ina aiki.

Bari in faɗa maka abin da zaman nan shike gare ni. Matata da ɗiyana suna Sakkwato, ni na kai su da hannuna don hankalina shi kwanta. Na zauna nan saboda shago ba shi tafiya da ƙafa, kuma abin da na gina ba za ni bar wa gara ba. Abokan da munka tashi tare, wasu sun yi Kano, wasu sun ƙetara Nijar, wasu sun riga mu. Gida in na koma, ni da rediyo ne. A garin ga duka, Malam Ummaru kaɗai ke tambayata ko na ci abinci. Ni in yi mishi shayi, shi shi ba ni goro, shina tsokanata wai hannuna ya fi na marini baƙi amma ko ɗan baƙi guda na ajami ban iya ja da kyau ba. Gaskiyarshi ne, ina karantawa da ƙyar, rubutawa kuwa sai abin dariya.

Bayan sallar layya ya fara koken ciki. Ya ce ƙila ruwan garin ne bai karɓe shi ba. Sai amai, sai abinci ya daina shiga, sai rama. Da ciwo ya matsa, me kake zato malami zai yi? Ya rubuta wa kanshi ayoyin waraka, ya wanke ya sha, safe da yamma. Da tawadarka ya rubuta. Maganin da shike sha don ciwon, daga kwalbar nan shike fitowa.

Ni ban sani ba, don a kurtunshi shike juye ta tun daga gida, kurtu kuwa duk baƙi ne a ido. Sai ranar da anka kwashe shi zuwa asibiti, ɗanshi Bello ya shiga ɗakin Malam shina tattara kaya, ya ci karo da kwalaben. Ma'aikacin asibitin da ya duba shi ya ce a daina ba shi komi da anka rubuta da ita.

Za ni yi maka adalci, don ba ni son a ce Lawali ya yi ƙari. Ma'aikacin bai rantse cewa tawadar kaɗai ce ta kayar da shi ba. Tsoho ne, ga wahalar gudun hijira, ga rashin cima mai kyau. Amma da anka daina, aman ya tsaya. Kuma kamfanin da ya yi ta da kanshi ya ce kar a haɗiye. Ba ni buƙatar digiri kafin in haɗa biyun nan.

Alhamdu lillahi shina raye. Sai dai ƙarfin bai komo ba.

Na uku. Abin da ya faɗo kaina.

Bello ya dubi tambarin da ke jikin kwalba, ya tuna ya taɓa ganin irinshi a jarkar da ke shagona. Mahaifinshi kullum a ƙofata shike. A garin nan in an ce tawadar inji, Lawali ake tunawa. Shi ke nan lissafi ya fita: Mai-Kwafi ne ya ɗura wa tsoho tawadar inji don shi rage kaya.

Wallahi ko ɗigo ban taɓa ba shi ba. Da ya tambaye ni da na hana shi, don ni na karanta jikin jarka. A kasuwa ya saya, wurin mai teburi, shi kuma mai teburin daga motarka ya sara. Malam da bakinshi ya faɗa musu haka, an gaya mani. Sunka ce tsoho ne mai kawaici, shina rufa wa abokinshi asiri.

Na ɗauki jarkar a babur na tafi asibiti don in nuna wa Bello rubutun da ke jiki, shi ga da idonshi cewa ni mai sanin haɗarinta ne. Ya tare ni a ƙofa. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Cewa ya yi, Baba Lawali, ka yi haƙuri ka koma, abin da ka yi ya isa. Na tsaya riƙe da jarka mutane na kallona awa wanda anka kama da kayan sata, ni da ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba.

Da anka sallame shi, sai sunka wuce da shi Isa, gidan ɗiyarshi. Ka san yadda hanyar take yanzu, ba a binta don yawo. Duk da haka na bi ta. Na yi sallama a ƙofar gidan, anka aiko a ce mani Malam barci shike. Takalmanshi na gani a bakin zaure, ina kuma jin tarinshi daga ciki. Na aje goron da na kawo, na juyo. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya ga mahaifinshi kwance dole shi nemi wanda zai riƙe, ni kuwa ni ne kusa, kai kana Sakkwato.

Ciniki bai tsaya ba, kar ka yi zaton kukan kuɗi nike. Mai neman kwafin katin shaida dole shi zo, don injina ya fi na kowa fitar da hoto, wannan ko maƙiyina ya sani. Amma suna zuwa ne su miƙo takarda su karɓa su wuce. An daina zama. A masallaci ana ba ni hannu, sai dai hannun ba shi daɗewa. Wata dattijuwa da na daɗe ina cika wa takardu kyauta ta ja jikanta gefe da ya matso kusa da firinta. Sunan da na yi shekaru ina ginawa, kwalba wadda ba ta kai tsawon yatsa ba ta taɓa shi.

Na zagaya kasuwa teburi teburi ina faɗa wa masu saidawa su daina ba malamai. Wasu sun ji, Allah shi saka musu. Wasu sunka ce hassada ce, wai don suna saida tawada ba ta hannuna ba. Wani ya ɗaga kwalbar ya nuna mani ya ce, Mai-Kwafi, kai da ka yi boko karanta mana, me anka rubuta nan? Na ce tawada. Ya ce to. Takardarka ce ta ƙaryata ni. Har ranar kasuwar da ta wuce kwalaben na nan. Masu babura suna sara suna yin Tozai da Burkusuma da su, daga can kuma su ƙetara iyaka. Malaman da ke rubutu a ƙauyukan nan ban san su ba, ba ni iya bin su ɗaya ɗaya.

Na huɗu. Hotunan da kuke dogara da su.

Na san za a ce mani ai ko ba a iya karatu ba akwai hoto. Na gwada. Jikin wasu kayanka akwai hoton kifi kwance gindin busasshen icce. Na nuna wa wani ɗan kasuwa mai yin Burkusuma, mutum mai hankali wanda ke ciniki da sefa da naira ba shi kure. Ya ce shi tun da can ya ɗauka tambarin kamfani ne, awa yadda ake sa zakara ko giwa a jikin kaya. Akwai kuma sanda mai ɗigo a ƙasa cikin jan gida. Wannan ko ni sai da na tambaya kafin in san alamar a yi hattara ce. Wanda ya zana su bai taɓa ganin ana wanke allo ba, bai san akwai ƙasar da ake shan rubutu ba, don haka ba ni tuhumarshi. Kai ka sani.

Kuma ba tawada kaɗai ba. Ruwan wankin nan mai cire tabo, a gorar ruwan sha yaranka ke ɗura shi, fari tas, babu ko ɗigon rubutu. Sodar da mata ke saye don yin sabulu a farar leda take zuwa, in an aje ta kusa da sukari sai mai ido. Maganin sauro a kwalbar maganin tari. Ban ga wanda sunka cuta da idona ba, don haka ba za ni ƙaga labari ba. Abin da na gani shi na faɗa. Amma wanda ya ga gemun ɗan'uwanshi ya kama wuta ya san abin yi.

Ga abin da nike roƙo, ranka shi daɗe.

Na farko, a janye ƙananan kwalaben nan daga teburan Sabon Birni da Isa da ƙauyukansu. Motar da ta kawo su ta san hanyar mai da su.

Na biyu, in za a ci gaba da ɗurawa, kar kwalba ta fita shagonka da kalmar tawada ita kaɗai. A rubuta da manyan baƙaƙe yadda tsoho zai gani ba tabarau: WANNAN TA INJI CE. BA A SHA, BA A LASA, BA A RUBUTUN SHA DA ITA. A sa da boko, a sa da ajami, don masu sayenta a teburin tasbaha ajami suke karantawa. In hoto za a sa, a zana allo da ƙoƙo a ja musu jan layi. Wannan ko makiyayi ya gani ya gane.

Na uku, ruwan wanki da soda da maganin sauro su daina fita a gorar ruwa da farar leda. Kowanne a ba shi mazubin da ba a saba ci ko sha daga cikinshi ba, da gargaɗinshi da Hausa.

Na huɗu, kuma wanga nawa ne. Ina son ka faɗa da bakinka, a rediyo ko ta wakilin da za ka aiko ranar kasuwa, cewa kwalaben nan daga shagonka sunka fito, ba daga shagon Lawali Mai-Kwafi ba. Ba ni neman diyya, ban taɓa miƙa hannu ba, ba kuma yanzu za ni fara ba. Magana guda nike so wadda za ta kai kunnen Bello. Tawa bai ɗauka ba, ta mahaifinshi bai ɗauka ba. Taka zai ɗauka, don kai ne mai tambarin.

Don kar a ce aiki na ɗora maka, na riga na tsara takardar gargaɗin a kwamfutata, daidai girman kwalba. Za ni buga maka ko nawa kake so, ba za ni karɓi komi ba. Bokon na gama shi, ya yi kyau, na san aikina. Rabin ƙasa na bari fili don ajami. Akwai masu iyawa a garin nan, ban kai wa kowa ba. Hannun da nike son shi cika wurin guda ne, mai manyan baƙaƙe da wasali ja, wanda ake karantawa daga nesa. Kuma shi ya fi kowa cancanta shi rubuta, don shi ya sha.

Buzun Malam Ummaru na nan, zuwanshi na ƙarshe kafin a kai shi asibiti a shagona ya bar shi. Na naɗe na rataya bayan ƙofa. In an yi la'asar nakan fitar da bencin don sabo, in an kira magariba in mai da shi ciki.

In ka yi magana, za ni naɗe takardar in sa cikin buzun in hau babur zuwa Isa. Ina zaton ranar ba za a ce mani barci shike ba.

Allah shi ba ka ikon gyarawa, shi tsare ka da cin haƙƙin wanda ba ka sani ba, shi albarkaci kasuwarka da zuriyarka. Allah shi ba Malam Ummaru lafiya, shi zaunar da ƙasarmu, mata su koma ɗibar ƙaro, kowa shi koma gidanshi.

Wassalam.

Naka abokin ciniki,
Lawali Mai-Kwafi,
Sabon Birni.